Butar da Rafi'u Ya Toshe da Kaki

Rafi'u ɗan Husaini mashayi ne. Gara a faɗi wannan tun farko, domin mutanen unguwarsu ta Sa'alaba a Jidda sun daɗe suna kewaye maganar, suna cewa yana da 'yar lalura. Ba lalura ba ce. Duk ranar Alhamis bayan la'asar yakan bi ta bayan garejin Othman, wani Bahaushen Sudan mai gyaran mota a unguwar Kurayyat, ya sha abin da ake kira sadiƙi, giyar da ake dafawa a ɓoye da sukari, fara tas kamar ruwan rijiya. In ya gama ya tauna kanumfari ya koma gida ya ce aiki ne ya riƙe shi.

A Jidda aka haife shi. Mahaifinsa ya zo hajji a ƙafa daga Kazaure, bai koma ba. Rafi'u ya kai shekara talatin da takwas da fasfon Najeriya a hannu, amma bai taɓa ganin Najeriya ba. Aikinsa tafinta ne a ofishin Shaikh Abdulghani da ke Bagdadiyya, wakilin alhazai, mai tarbarsu a tashar ruwa da filin jirgi ya miƙa su Makka. Shaikh ne kafilinsa. Ma'ana, iƙama, takardar izinin zaman da Rafi'u ke zaune da ita a garin da aka yanke masa cibiya, da sunan Shaikh take. Ranar da Shaikh ya janye hannu, Rafi'u ya zama baƙo a ƙofar gidansa.

Bayan hajjin 1963 Shaikh ya yanke shawarar bin jirgin ƙarshe na alhazansa zuwa Kano, ya gana da masu tara masa mutane don baɗi. Ya kira Rafi'u ya ce ya shirya, tare za su.

"Wata guda ne, ya Rafi'u. Fasfonka da tikitin dawowarka suna cikin jakata. Kai dai ka kawo bakinka."

"Hadir, ya Ammi," in ji Rafi'u, wato "na ji, Baffa."

Rafi'u ya sa dubban alhazai a jirgi, yana ce musu ba komai, kamar zama a ɗaki ne. Shi bai taɓa taka matakala ko ɗaya ba, kuma in jirgi ya tashi daga filin Kandara ya bi ta kan Sa'alaba, yakan sunkuyar da kai ba tare da ya sani ba. Alhamis ɗin nan ya kai wa Othman kuka.

"Ya zol, me ya dame ka?" in ji Othman, da irin kiran mutanen Sudan, yana goge baƙin mai a hannu. "Ai Turawa da kansu suke raba giya a sama."

"Ba a jirgin alhazai ba. Shayi ne da biskit."

"To tafi da naka."

"A cikin me? Askari yana buɗe kowace jaka."

"Gwangwanin zamzam. Na san mai liƙewa."

"Ka ji tsoron Allah, Othman," in ji Rafi'u, da kofin giya a hannunsa.

Yana faɗin haka idonsa ya faɗa kan butar garejin, a gefen tayoyi, inda kowa ke ɗauka ya zaga. Ya daɗe yana kallonta. Babu askarin da ya taɓa leƙa cikin buta. Kuma in jirgi ya tashi, mutum ya ɗauki butarsa ya shiga bayi ya rufe ƙofa, babu mahaluƙin da zai tambaye shi abin da ya je yi. Ya yi wa kansa alkawari ba zai taɓa ba sai ƙafar jirgi ta bar ƙasar Saudiyya, yana ganin wannan ma wani irin ladabi ne.

Washegari ya sayi sabuwar butar ƙarfe mai murfi a kasuwa. Othman ya cika ta, aka ɗiga kakin kyandir aka toshe bakinta, aka zagaye murfin da shi don kada wari ya fita.

Matarsa Zakiya ta gan ta a kan akwati ana gobe tafiya, da hantsi, tana ninke masa riguna.

"Abu Hamad, sabuwar buta? Ta gidan me ta yi maka?"

"Ta tsufa."

"Kawo in cika maka."

"A cike take."

"Wa ya cika?"

"Halas, Zakiya, ya isa haka."

Ta ɗaga butar ta duba kakin, ta ajiye a hankali. "Buta da hatimi kamar takardar alƙali," in ji ta. Ba ta ƙara tambaya ba, don ta shekara goma sha huɗu tana jin warin kanumfari duk Alhamis. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka dai dawo. Ni ban san hanyar Kano ba. Hamad da Luba kuwa ko gaisuwar Hausa ba su iya har ƙarshe ba."

Ranar tafiya, da ƙarfe tara na safe, aka buga wa matafiya arba'in da biyu hatimin fita a filin Kandara. Askarin bincike ya buɗe jakar Rafi'u, ya ɗaga riguna, ya matsa ƙullin dabino da wani ya ba shi saƙo, ya ture butar gefe kamar yadda ake ture takalmi. Rafi'u ya wuce yana yaba wa hankalinsa.

Cikin matafiyan akwai Malam Na'ibi, limamin masallacin Sa'alaba, za shi ya ga 'yar'uwarsa da rabonsa da ita shekara arba'in. Tun yana na'ibin liman ake kiransa haka, limamin ya rasu ya gaje shi, sunan bai sauya ba. Shekararsa saba'in da ɗaya, siriri, ba ya dariya a banza. Shi ya yi wa mahaifin Rafi'u wankan gawa. An san shi da abu biyu a unguwa. Na ɗaya, bai taɓa rasa sallar jam'i ba tun da aka gina masallacin. Na biyu, da kofin shayi guda na ruwa yake alwala, kuma in ya ga mutum yana kwarara ruwa zai tsaya a kansa ya tambaye shi ko shi ke ɗauko wa ga-ruwa garwa daga famfo.

Akwai kuma Hajiya Barakatu, 'yar kasuwa daga Kano, wadda ta yi hajji sau uku, kuma duk sau ukun ta sami laifin Rafi'u.

A gindin matakala wani ma'aikacin jirgi ya tsaya, ya ce duk mai buta ya zubar da ruwanta kafin ya hau, wai alhazan zuwa sun jiƙa musu shimfiɗa. Rafi'u da kansa ya fassara umarnin. Mutane suka yi ta tuntsurar da butoci a kan kwalta suna gunaguni, Malam Na'ibi ya kawar da kai don kada ya gani. Ta Rafi'u tana cikin jaka, a toshe, ta hau ba wanda ya tanka.

Jirgin mai farfela huɗu ne. Aka rufe ƙofa, farfela uku suka juya, ta huɗu ta yi tari ta tsaya. Aka sake gwadawa, ta sake yin tari. Aka ce a yi haƙuri minti goma. Minti goman nan ya kai har rana ta take tsaka. Cikin jirgi ya zama kamar tanderu, ruwan shan da ke ciki ya ƙare tun sha ɗaya, aka kulle bayi. Rafi'u ya fito da butar daga jaka ya ajiye tsakanin ƙafafunsa, don jin ta kusa yana kwantar masa da hankali.

"Tafinta," in ji Hajiya Barakatu daga ɗaya gefen, "wannan taka ba a zubar ba?"

"A toshe take, Hajiya."

"Na gani ai. Mu talakawa aka sa muka zubar, kai na gwamnati. Sam min in jiƙa maƙogwaro."

"Ba na sha ba ne."

"Ruwa har da na sha da ba na sha ba a wannan zafin? Allah ya kyauta. Haihuwar Jidda ke nan."

Rafi'u ya matse butar da idon sawu, ya yi kamar yana duba taga.

Da azahar ta yi, dattawa suka ce ba za su zauna lokaci ya wuce ba. Shaikh Abdulghani ya je ya yi magana, aka yarda a sauka a yi salla a inuwar fiffike, da sharaɗin ba mai komawa cikin gini tunda an riga an buga hatimin fita. Aka tsayar da askari guda da bindiga ya tabbatar da haka. Cikin jirgin cike yake da gwangwanayen zamzam, amma suna ƙasa tare da kaya, a liƙe, kuma tsaraba ce, ba wanda ya ko ambace su.

Rafi'u ya so ya bar butar a ƙarƙashin kujera, sai ya ga ma'aikatan jirgi suna bi layi layi suna tattara shara, ya ji tsoro ya sauko da ita a hannu. Nan ne kuskurensa ya cika. Duk dabarar da ya yi a garejin Othman, ya yi ta ne a kan askari. Ya manta da nasa mutanen. Ya manta cewa a wurinmu, in lokacin salla ya yi, buta ba ta kowa ba ce. Ba a roƙonta ma, hannu kawai ake miƙawa. Mutumin da ya hana buta, gara a ce ya hana gawa likkafani, don za a fi saurin mantawa.

Ya sauko matakala, mutum arba'in da ɗaya riƙe da butoci wayam suka juyo suna kallon tasa.

"Alhamdu lillahi," in ji wani dattijo. "Ga mai rabo nan."

"In kowa ya bi irin ta Malam, za ta ishi mutum goma," in ji wani.

"Ta ce ba ta sha ba ce," in ji Hajiya Barakatu. "To ga alwala ta zo. Mu ji kuma ta mece ce."

Rafi'u ya buɗe baki. Yana jin harshe uku, amma ba wanda ya zo masa. Shaikh Abdulghani ya riga ya naɗe hannun rigarsa.

"Yalla, ya Rafi'u. Ba Malam ya fara, ni in bi."

Malam Na'ibi ya miƙa hannu. Rafi'u ya ba shi. Ba yadda zai yi, kuma wanda ya ce da shi ne da ya ƙi, bai taɓa tsayawa a gaban dattijo mai miƙo hannu ba.

Malam ya tsuguna a gefen inuwa, ya ɓanɓare kakin da farce, ya yi bisimilla. Wurin ko'ina warin fetur ne, ga makanikai uku suna ta fama da farfela a sama. Ya ɗiga a hannu ya wanke, da saurin wanda ya yi abin nan sau dubbai, ya tara a tafi ya kai baki.

A shekara saba'in da ɗaya, wannan ne karo na farko da giya ta shiga bakin Malam Na'ibi, kuma da bisimilla ta shiga.

Ya tofar. Bai yi tari ba, bai ɗago ba. Idanunsa suka kawo ruwa, ya bar su. Bai taɓa sha ba, amma ya san abin, don a hanyarsa ta zuwa hajji ya yi shekara huɗu yana cirar auduga a Sudan, yana kwana ɗaki ɗaya da masu shan irinsa. Ya dubi butar. Ya dubi takalmin Shaikh Abdulghani da ke tsaye dab da shi yana jira. Ya dubi askari. Sa'annan ya ɗaga kai ya dubi Rafi'u, wanda ya jingina da tayar jirgi kamar an rataye riga.

Hukuncin abin a lokacin ba ɓoyayye ba ne: bulala, kurkuku, sa'annan a sa mutum a jirgi ba tikitin dawowa. Malam ya san wannan. Ya san Zakiya, shi ya ɗaura aurenta. Shi ya raɗa wa Hamad da Luba suna.

Ya miƙe, ya taka zuwa cikin rana, ya cire murfi, ya kifa butar gaba ɗaya a kan kwalta. Ya girgiza ta har ɗigon ƙarshe.

Alhazai biyu da suka sauka a Sa'alaba suka san halinsa suka dubi juna, domin ganin Malam Na'ibi yana zubar da buta guda ya fi lalacewar farfela ba su tsoro. Kwaltar tana da zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, kafin a ƙirga goma jiƙon ya fara tsukewa daga gefe.

"Malam, lafiya?" in ji dattijon nan.

"Ɗanɗanonsa ya sauya, warinsa ya sauya," in ji Malam. "Ba a alwala da shi."

"Da ka bar mu mun jiƙa fuska," in ji Hajiya Barakatu.

"Ba a jiƙa fuska da shi."

Askari ya taho yana tambayar me aka zuba kusa da jirgi. Shaikh Abdulghani ya ɗaga masa hannu ya dakata, ya karɓi butar daga wurin Malam da fushin wanda aka hana alwala, ya kai hanci. Bai daɗe ba. Shaƙa ɗaya ya yi, ya mayar da murfi da sauri, ya danne da babban yatsa.

Malam ya dube shi ya yi magana da Larabci, da muryar da yake ja salla, yadda askari zai ji.

"Ya Shaikh, kai ka zaga duniya, ka je Masar ka je Beirut. Warin mene ne wannan?"

Shaikh Abdulghani ɗan kasuwa ne, kuma tsayuwar da ya yi ta ɗan kasuwa ce. In ya ambaci sunan abin, askari zai kama tafintansa a gaban baƙinsa arba'in, a tsayar da jirgi, a rubuta sunan ofishinsa a rahoto. Labarin zai riga shi sauka Kano, tunda Hajiya Barakatu tana cikin jirgin. Bayan haka kuma wani zai tambaya yadda aka yi wakilin alhazai ya gane abu da shaƙa ɗaya. Ba a ce yana sha ba. Tambayar dai za a yi ta.

"Tsatsa ce," in ji Shaikh.

Askari ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwa.

"Me ya ce?" in ji Hajiya Barakatu. "Tafinta, aikinka ne. Me Balaraben ya ce?"

Rafi'u ya juyo gare ta. "Ya ce tsatsa ce."

"Tsatsa? Butar da take ƙyalli har ina ganin fuskata? Tambaye shi, sabuwar buta tana tsatsa?"

Rafi'u ya juya ya tambayi kafilinsa da Larabci ko sabuwar buta tana tsatsa. Shaikh ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ba da amsa. Rafi'u ya juyo.

"Ya ce kayan zamanin nan ne, daga ciki suke farawa."

"Wannan gaskiya ne," in ji dattijon nan. "Na sayi fitila a Makka haka ta yi mini."

Aka koma bakin kwalta inda akwai ƙasa, aka yi taimama. Aka ja sahu a ƙarƙashin fiffike, aka bar wa Malam Na'ibi gaba kamar yadda aka saba. Malam bai motsa ba. Yana tsaye gefe, hannuwansa a ware kaɗan daga jikinsa don kada su taɓa riga.

"Ku ba wani," in ji shi. "Abin ya taɓa hannuna da bakina da gemuna. Lokaci bai fita ba, zan jira ruwa."

"Don tsatsa, Malam?"

"Ku yi sallarku."

Dattijon nan ya ja. Rafi'u yana sahu na biyu, kuma duk raka'ar da ya ɗago yana ganin inuwar Malam a gefe, shi kaɗai. Shekara ashirin da shida mutumin nan bai rasa jam'i ba, da zazzaɓi da ruwan sama da ranar da matarsa ta rasu. Ya rasa shi ranar nan saboda wani ƙato yana tsoron jirgi. Wannan ita ce ɓarnar giya da ba a faɗa: mai sha daban, mai biya daban.

Wajen ƙarfe biyu da rabi aka kawo ruwa a durom. Malam ya ari butar wani, ya wanke hannu da baki da gemu, kuma an shaida ya yi amfani da fiye da kofin shayi. Ya yi sallarsa. Can farfela ta huɗu ta kama, aka ce a hau.

A gindin matakala Shaikh Abdulghani ya riƙe hannun Rafi'u ya bar mutane suka wuce. Ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Kana ta cewa ba ka taɓa ganin ƙasar ubanka ba. To za ka gan ta sosai. Ni kaɗai zan dawo."

"Ya Ammi, 'ya'yana..."

"Halas."

Malam Na'ibi yana bayansu, don tsoho ne, shi ne na ƙarshe a layi. Butar tana hannunsa.

"Ya Shaikh," in ji shi, "mu uku muka fito daga Jidda, mu uku za mu koma in Allah ya so. Ba a raba mutum da iyalinsa saboda tsatsa."

"Ya Malam, kai ma ka san..."

"Na san abin da ka faɗa a gaban mutum arba'in da askarin gwamnati. In ba haka ba ne, ga askarin can bai yi nisa ba, ga alhazai a taga. Sai ka gyara maganarka, Rafi'u ya fassara."

Shaikh ya dubi taga. Fuskar Hajiya Barakatu ta cika ta.

"Tsatsa ce," in ji shi.

"To madalla. Jakarka ta yi nauyi da takardu. Ba ni nasa in riƙe."

Shaikh ya buɗe jaka ya zaro fasfo da tikiti ya ba shi, ya hau bai waiwaya ba. Rafi'u ya miƙa hannu zai karɓa, Malam ya sa su a aljihun ciki ya maɓalle.

A cikin jirgi Malam ya roƙi maƙwabcin Rafi'u su yi musayar kujera, ya zauna kusa da shi. Rafi'u ya sunkuya.

"Baba Malam, Allah ya saka..."

"Rufe bakinka. Ba don kai na yi ba. Da kai kaɗai ne, da na riƙe wa mai bulala riga."

"Wallahi tsoro ne ya sa ni. Ban taɓa hawa ba."

"Alhamis ma jirgi kake hawa a Kurayyat?"

Rafi'u ya ɗago ya dube shi. Bai san Malam ya sani ba. Duk Sa'alaba ta sani.

"Masallaci yana da buta goma sha ɗaya," in ji Malam. "Da wannan sha biyu. Mai cika mana su ya tsufa, bayansa ya ƙi. Daga ranar da muka koma, kai ne, kafin kiran farko na asuba. Ranar da na fito na tarar da ɗaya wayam, zan je Bagdadiyya in gaya wa Shaikh na tuna inda na taɓa jin warin nan."

"Har yaushe, Baba Malam?"

"Har ka yi mini wanka, ko in yi maka."

Jirgi ya fara gudu. Rafi'u ya kama hannun kujera da hannu ɗaya, ya kama gwiwar Malam da ɗaya, ya rufe ido, ya fara karanta duk abin da ya iya da ƙarfi, har da addu'ar shiga kasuwa. Haka ya bar ƙasa, idonsa biyu, ba ɗigon komai a cikinsa, yana jin kowane girgiza har ƙashinsa. Hajiya Barakatu ta leƙo.

"Tafinta, ba kai ka ce mana kamar zama a ɗaki ne ba?"

Malam ya ɓanɓare yatsun Rafi'u daga gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar masa da su kan cinyarsa.

Bayan wata guda suka dawo su uku. Shaikh ya sabunta iƙama da lokacinta ya yi, bai sake tayar da maganar ba, sai dai bai sake tafiya da Rafi'u ko'ina ba. Zakiya ta kwance kaya ta tambayi ina sabuwar buta, ya ce ya ba masallaci. Ta ce ashe tafiya tana gyara mutum.

Shekara tara Rafi'u yana cika butocin masallacin Sa'alaba. Kowace asuba Malam Na'ibi yakan fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe murfi ya shinshina, har sha biyun. In ya gama sai ya ce, "Matso ka gaishe ni," kuma ba ya amsa gaisuwa daga nesa. Asubar Juma'a ya fi matso da shi. Kanumfari bai taɓa ruɗarsa ba, don haka Rafi'u ya daina saya, daga baya ya daina bi ta Kurayyat.

Da Malam ya rasu, Rafi'u ne ya zuba ruwan wanka. Jama'a suka ce tunda ya saba, ya ci gaba da butocin, kuma bai sami dalilin da zai iya faɗa a fili na ƙi ba. Butar ƙarfen tana nan cikin sauran, kowa yana ɗauka ya zaga da ita. Daga baya ta yi tsatsa.